Ranar da Na Tsallake Ki a Kan Tabarma

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata ta fari, wadda bakina bai taɓa kama sunanta ba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ke nesa, alhali ga ki nan tsakar gida, ina jin ƙarar buroshi kina wanke takalman wasanki. Allah ya kiyaye ki gobe a hanyar Funtuwa, ya kiyaye ki daga can har Abuja, ya riƙe jirgin da za ki shiga, ya sauke ki ƙasar Ostireliya lafiya. Allah ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙungiyar ƙwallon kwandon da ta ɗauke ki, ya raba ki da mugun ji da mugun gani.

Kwana uku ke nan ina rubutawa ina yagewa a littafin makarantar ƙanwarki. Hannuna ya manta biro, bayana kuma ba ya barina in daɗe zaune. Abin da ya zaunar da ni shi ne maganar da na ji kin yi wa ƙanwar taki kuna ninke kaya, ba ku san ina bayan ƙyaure ba. Kin ce, "Inna ba za ta yi kewata ba, gidan ma zai yi mata faɗi." Kin faɗa kina dariya. Ba na son ki hau jirgi da wannan maganar a cikinki, kuma bakina ba zai iya warware ta ba, don haka bari in fara da mai nauyin tun ban sake yagewa ba.

Kina 'yar shekara huɗu na tsallake ki da gangan. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Babanku.

Kin san maganar tsofaffi, wai in aka tsallake yaro yana kwance ya daina tsawo ke nan, sai in wanda ya tsallaka ya dawo ya sake tsallakawa baya. Ranar an yi suna a maƙwabta, na tafi da ke. Wata tsohuwa, ƙawar Hajiya kakarku, ta jera ki da sa'o'inki, ta ga kin ba su kai guda, sai ta ce, "Wannan kam uwarta ta ɗauko har ta zarce. Allah dai ya kawo mata miji mai tsani." Mata suka yi ta dariya. Ni ma na yi, don ban san yadda ake ƙin yi ba.

Bazara ce. Bayan azahar kika yi barci a kan ƙaramar tabarma a gindin itacen bedin gidanmu, ƙafafunki sun wuce bakin tabarmar suna kan ƙasa. Na daɗe tsaye ina kallon ƙafafun nan. Na duba ɗakin Hajiya, labule a sake. Na tattare zanina na tsallake ki. Na zagayo ta wajen kanki, na koma inda na taso, na sake. Sau uku. Kika motsa, kika kore ƙuda daga fuskarki, kika ci gaba da barcinki. Ni kuma na je na hura wuta.

Na san camfi ne. Tun a Islamiyya aka gaya mana tsawo da gajarta na Allah ne, ke ma kin nuna mani, tunda yau sai kin sunkuya kike shiga ɗakina. Abin da ya tsaya mani a rai shi ne abin da zuciyata ta roƙa lokacin da na ɗaga ƙafa. Na roƙa a rage ki. Shekara goma sha biyar ke nan, duk ranar da na ji Hajiya tana yi wa yara tsawa don wani ya tsallake wani, tana cewa maza ya koma ya warware, sai in tuna da ranar nan. Ni ban koma ba. Da fari ina jira in ga ko zai ci. Daga baya kin girma, ta yaya zan ce wa budurwa ta kwanta in tsallake ta ban faɗi dalili ba?

Abin da zan ce maki a kan wannan kaɗan ne. Na ji kina gaya wa Babanku mutum biyar kawai ake sawa a fili, sauran suna benci suna jira. To za ki zauna da 'yan mata da kowace ke son gurbin da kike so. Ranar da wata ta fi ki, kika ji zuciyarki na roƙon a rage ta, ki tuna da ƙafata. Irin wannan roƙon ba ya rage kowa, mai shi yake ci a hankali. In kuma har kin riga kin yi wa wata, ki koma ki warware a ranar, kafin kunya ta yi saiwa a kai.

Sai na gaya maki wace ce ta tsallake ki, don ba ki san ta ba. A Tafoki na tashi, ina shekara sha huɗu na fi mahaifina tsawo. Gwangwala ake kirana. In mangwaro ya nuna sai a ce a kira Gwangwala, ba sai an nemo maƙata ba. A makaranta layin baya, a hoto layin baya, a gidan biki nakan zauna tun ba a nuna mani wuri ba. Ba ni da baki, in aka yi mani magana sai in yi ta wasa da bakin hijabi. Karatu kawai na iya. Akwai wata mata a Faskari mai ba da hayar littattafan soyayya, yayana ke karɓo mani a ɓoye ranar kasuwa, in cusa cikin jakar Islamiyya, in koma bayan rumbu in yi ta karatu har tuwo ya kama, Iya ta biyo ni da muciya.

Na karanta sun fi a ƙirga, kuma a cikinsu duka ban haɗu da yarinya irina ba. Kullum 'yar madaidaiciya ce, kullum sai ta ɗaga kai kafin ta ga fuskar saurayin. Wannan ɗaga kan shi ya hana ni sukuni. Ni wa zan ɗaga wa kai? Sai na koyi dabara. In na fita zance sai in lanƙwashe gwiwoyina a cikin zani, in sauke kafaɗu, hijabi ya rufe sauran. Nakan yi awa guda a haka jikin katanga, cinyoyina na rawa, saurayi na ta zuba yana tsammanin kunya ce ke sa ni karkarwa. Wani ɗan Sabuwa har yabo ya yi, ya ce bai taɓa ganin yarinya mai ladabi irina ba. Ranar da ya iske ni a rijiya na miƙe ina jan guga, ya gaishe ni daga nesa, bai sake dawowa ba. Na yi kuka wata guda a kan mutumin da yau ko fuskarshi ban tuna ba.

Ciwon bayan da kika tashi kika ganni da shi, daga nan ya samo asali. Ana cewa daka ce, ana cewa haihuwa ce, ni na san sunkuyo ne. Ki tsaya iya tsawonki, ɗiyata. Jiki yana riƙe duk abin da aka yi mashi, ba ya yafewa da wuri.

Mutum ɗaya ne ya taɓa ce mani in miƙe. Na zo nan Ƙanƙara wurin Gwaggo ana saura sati biyu Sallah, na kai yadi shagon wani tela tare da tsohuwar rigata ta awo. Ya ɗaga rigar, ya dube ni, ya tambaya ta wace ce. Na ce tawa. Ya ce, "To ko dai rigar ta yi ƙarya, ko mai ita. Miƙe, Malama, yadin ya isa." Na miƙe don ban da yadda zan yi. Kanshi bai wuce kafaɗata ba, amma ko gezau. Ya sa na tsaya jikin bango, ya hau kujera ya yi alama da alli daidai kafaɗata, na matsa, ya auna bangon da tef, don ba ya auna mace a jikinta. Babanku ke nan. Alamar allin ta daɗe a bangon shagon, sai da ya sake fenti.

In gaya maki gaskiya, ban so shi ba a lokacin. Ba mota, ba kalamai. Wasiƙa ɗaya ya taɓa rubuto mani, rabinta labarin keken ɗinkinshi ne da ya lalace. Da yardata na aure shi, ba wanda ya sa ni, amma na yi shekaru ina zaune a gidanshi ina jiran wani mutum da babu shi sai a takarda. Yana shigowa da tsire a ƙunshe, ni ina tunanin me ya sa bai iya cewa ni ce hasken idonshi ba. Shi kuwa kullum sai ya ce ni da shi in aka haɗa aka raba biyu an sami mutum biyu daidai. Sai da ya yi jinyar nan ta wata biyu na ji shagon shiru, sannan na gane abin da nake da shi, lokacin kuwa mun fara furfura. Can za ki haɗu da dogaye, har waɗanda za ki ɗaga wa kai. Za su zo in an fara nuna ki a talabijin. Kada ki tsaya duba ko mutum ya fi ki ko bai fi ki ba. Ki duba ko kina iya miƙewa a gabanshi ranshi bai ɓaci ba, ki kuma lura da wanda ya neme ki ranar da aka cinye ku.

Sai maganar takalma, wadda kin san ta kin yi shiru.

Kina shekara sha biyu ƙafarki ta wuce duk na mata da ke kasuwar Ƙanƙara. Mai takalman ya faɗa da ƙarfi, a gaban mutane, cewa sai dai in duba na maza. Na ji kamar ni aka tuɓe. Na ɗauki mafi girma a na mata na kawo maki, kika sa, kika ce ya matse, na ce zai buɗe. Haka na yi ta yi shekara uku, da su kika tafi makarantar kwana a Katsina, da su kika fara gudu a filin makarantar kafin malamin wasanni ya samo maki na kirki. Bana da Babanku ya raka ki Abuja gwajin lafiya, ya dawo muna cin tuwo yake ba ni labari, wai likita ya daɗe yana duba yatsun ƙafarki, ya ga biyu sun tanƙware, farcen babban ya mutu, ya tambaye ki mi ya same su. Kika ce haka aka haife ki. Babanku ya ci gaba da cin tuwonshi. Ni na haife ki, na san yatsun da na ƙirga ranar, miƙaƙƙu ne kamar 'ya'yan kuɓewa.

Kin rufa mani asiri, Allah ya rufa maki duniya da lahira. Amma kada ki sake yi wa kowa irin wannan karar da jikinki. Abin da ya matse ki, ki ce ya matse ki, ko da mai ba ki shi zai ji kunya. Halin nan na haɗiye ciwo a wurina kika ɗauka, shi ne kuma gadon da na fi jin tsoron ki tafi da shi, musamman tun ranar da Baturiyar nan ta yi magana.

Ina nufin kocin da ta gan ki a sansanin horo na Abuja, wadda ta tsaya maki har aka ɗauke ki. Kin tuna ranar da ta kira wayar Babanku ta bidiyo, mu da hantsi, ita can har ta kunna fitila. Hajiya ta gyara ɗaurin ɗankwali ta zauna gaba, ni na laɓe a ƙofar ɗaki, sai da matar ta nace tana son ganin uwar yarinya sannan na fito na rakuɓe a gefen tabarma. Kina tafinta, ina kallon ƙasa, amma ba abin da ya wuce ni.

Ta ce ita ma 'yar ƙauye ce, mahaifinta tumaki yake kiwo, kuma a shekarunki ta bar gida. Ta buga wa ƙungiya kaza da kaza a ƙasarsu, ta ƙetara wata ƙasa inda ba ta jin yarensu, ta dawo. A shekarar da ta fi tashe gwiwarta ta fara ciwo, ta ɓoye. A banɗaki take naɗe ta da bandeji don kada a gani, saboda akwai wata ƙaramar yarinya a benci mai jiran gurbinta. Ta yi ta bugawa a haka har jijiyar ta tsinke a gaban jama'a. Aka yi mata aiki sau biyu. Da ta dawo gudunta ya ragu, ita ce a benci tana tafa wa yarinyar nan. Daga ƙarshe aka kira ta ofis, aka gode mata, aka ba ta hannu. Ta ce washegari ta tashi da asuba kamar yadda ta saba, ta zauna bakin gado, ba ta san abin da za ta yi da hannuwanta ba, don tun tana yarinya ba ta koya masu komai ba sai ƙwallo.

Sai ta tashi ta naɗe ƙafar wandonta ta nuna mana tabon. Hajiya ta matso da ido ta ce, "Subhanallahi. Malam, dubi ɗinki kamar bakin buhu. Wannan telan da kai ne da an kore ka daga kasuwa." Babanku ya yi dariya har da tari, kika rasa yadda za ki fassara. Ni abin da na gani daban ne. Da ta miƙe, kanta ya fita daga hoton, amma ba ta sunkuyo ba, wayar ta ɗaga sama. Mace mai furfura, doguwa kamar ni, ta ɗaga waya ta iske fuskarta. Na yi kwanaki ina tunanin wannan.

Daga nan ta tambaya wurin wa kika gaji tsawo, ta ce in tashi ta ganni. Na ce bayana ke ciwo. Ta yi murmushi ta faɗi wata magana, da za ki fassara muryarki ta ɗan sauka. Kika ce, "Inna, wai ta gode maki da kyautar da kika ba ni." Na ce to. Iyakar abin da na ce ke nan. Ita tana gode mani a kan abin da na tsallaka sau uku don ya tsaya.

Ki riƙe labarin matar nan fiye da duk abin da na rubuta, don ita ta bi hanyar, ni ban bi ba. Wannan sana'a taku tsawon ranta tsawon ran gwiwa ne. Ranar da wani wuri ya fara ciwo ki gaya wa likita a ranar, ko za a zaunar da ke, ko wata za ta shiga gurbinki ta yi kyau a ciki. Zaman benci ba ya kashe mutum, na yi shekara talatin a layin baya ga ni nan. Karatun da suka ce za su haɗa maki da shi, kada ki ɗauke shi abin cika sharaɗi. Babanku ya sa maki tef da almakashi a ƙasan akwati, na gan shi, kada ki yi mashi dariya. Ki koya wa hannuwanki abu na biyu tun na farkon yana ci.

Saura ɗaya, sannan in huta.

Bara da kuka kai wasan ƙarshe na makarantu a Katsina, kin aiko Babanku ya ce mani kina so in zo. Shi Sallah ta matso, ɗinki ya yi mashi yawa. Na ce maku mota ta lalace da mu kafin Dutsin-Ma, muka wuni a hanya muka juyo. Ƙarya na yi. Motar lafiyarta lau, na iso har ƙofar filin. Ina shirin shiga wasu samari biyu suka dube ni, ɗaya ya taɓo ɗaya ya ce, "Ga uwar falwayar can ta zo." Ba da mugunta ma ya faɗa ba, ina jin yabo yake a nashi hankalin. Amma na fasa shiga. Na koma gefen titi na zauna kusa da wata mai awara. Ina jin dukan ƙwallo a ƙasa, ina jin usur, can sai na ji fili ya ɗauka da sunanki. Sunan da ban taɓa faɗa ba, ga shi a bakin mutanen da ba su san ranar da kika fara haƙori ba, suna ta maimaitawa. Mai awarar ta ce, "Hajiya, ɗiyarki na ciki ne?" Na ce a'a, mota nake jira. Na tashi tun ba a gama ba don in iso gida kafin hanya ta yi shiru.

Da kika dawo hutu kika miƙo mani lambar da aka rataya maki a wuya, na ce ki ajiye a kan gado, na ci gaba da tankaɗe. Na ga fuskarki. Lambar tana cikin kwallar da ke ƙasan jerena, naɗe a ɗankwalin aurena, kuma ba satin da ba na fiddo ta in goge.

Za ki ce al'ada ce, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonshi, ba ta nuna shi nata ne a gaban mutane. Haka ne, Iya ma haka ta yi wa yayana. Amma Iya takan ajiye mashi ƙanzo mafi kauri, in ya yi tafiya ta kasa cin abinci, gida duka an san inda zuciyarta take, shi ma ya sani. Ni fakewa na yi da al'adar. Ta ba ni inuwar da zan ɓoye tsorona, na shige ciki na yi zamana, har kika girma kina tsammanin kunyarki nake ji. Kaina nake jin kunya, ɗiyata, ke kuma kin zo da kamata, kin ƙi sunkuyawa, na rasa yadda zan dube ki. In Allah ya ba ki wanda kike so, ko aboki ko miji ko ɗa, ki bari ya sani tun yana kusa. Mutum ba ya karanta zuciya ta bayan ƙyaure.

Sauran kin san su, Babanku da Hajiya sun faɗa maki har kin haddace. Sallah a kan lokacinta, ko agogonsu ya juye maki dare da rana. Ki tambayi alƙibla ranar da kika sauka. Dogayen kayan wasan da Babanku ya ɗinka maki, ki sa su ba tare da kin ba kowa haƙuri ba. Ki duba abin da za ki ci. Na daka maki kuka da daddawa kika ce ba za a bari ki shiga da su ba, na rasa irin ƙasar da ke tsoron daddawa, amma to, ƙanwarki ta ci riba. Masu cewa ɗiya mace da tsalle-tsalle a ƙasar Turawa, ki bar su da Hajiya, ita ke da bakinsu. Ni na gaji da sauraron mutane. Sauraronsu ne ya kai ni duk inda na lissafa maki a sama.

Niyyata da farko in tura takardar nan ƙasan akwatinki, ƙarƙashin almakashin Babanku, ki gan ta can bayan teku ya raba mu, in kin kira waya in ce ba na ji sosai. Har na gwada wurin jiya. Da haka ta fi mani sauƙi. Sai dai in kin karanta a can, akwai abin da ba zai yiwu ba, don ba a tsallake mutum ta waya.

Ƙaramar tabarmar ta daɗe da mutuwa, amma bedin yana nan. Bayan la'asar zan shimfiɗa doguwar, wadda Babanku ya sa aka saƙa maki. In kin karanta kin ga za ki iya, ki zo ki kwanta kamar mai hutawa, ba sai kin ce komai ba. Zan tsaya ta inda na sauka ranar, in tsallaka zuwa inda na taso, sau uku. Na san ba zai ƙara maki ko taƙi ɗaya ba, ba kya ma buƙata, jirgin nan da ƙyar za ki sami wurin ƙafa. Ni ce ke buƙata. Hajiya za ta gani, za ta tambaya, zan faɗa mata da bakina. In kuma ba ki zo ba, ba zan riƙe ki da komai ba, zan naɗe tabarmata, gobe in raka ki tasha in tsaya har motar ta ɓace.

Allah ya yi maki albarka. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya tsare gwiwoyinki da yatsun da na tanƙware, ya ba ki haƙurin benci da kunyar nasara. Allah ya sa ki gama lafiya da ƙafafunki, ki dawo ki iske mu, in kuma ba ki iske ni ba ki yafe mani tun yanzu. Ni ba ki taɓa yi mani komai ba.

Tun ɗazu buroshin ya yi shiru, na leƙa na ga takalman sun bushe a kan katanga, inuwa ta juya. An kusa kiran la'asar. Ba zan sake karantawa ba, don in na karanta zan yage. Zan ninke ta in fito in miƙa maki hannu da hannu, a miƙe. Sai dai takarda ba ta tafiya ba sunan wadda aka rubuta wa a baya, ga naki kuwa na rubuta, hannuna bai karye ba.

Saudatu.

Daga mahaifiyarki.